Darasi na Goma Sha Biyu: Maganin Kitsen Jini, Illarsa, da Neman Diyya a Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibiti a kan hawan jini ko ciwon sukari, ko kuwa shi da kansa ya kai munzalin da likita zai ce a ɗebi jininsa a auna, lalle ya ji ana cewa wane yana da kitse a jini, sa'an nan a rubuta masa wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kowace rana, galibi har iyakar rayuwarsa. Da yake magani ne da ake daɗewa ana sha, kuma miliyoyin mutane ke shansa a duniya, ya wajaba ga mai shansa da mai jinyarsa su rarrabe tsakanin abubuwa biyu waɗanda jama'a suka cika cakuɗawa: irin illar da maganin kan yi wa jiki, da kuma lokacin da wannan illa take zama haƙƙi a wuyan wani har shari'a ta ce ya biya. Manyan shari'un da aka yi a kan wannan mas'ala a ƙasar Amurka aka yi su, saboda haka can za mu je mu saurara kafin mu waiwayo gida.

Aikin maganin

Abin da muke kira kitsen jini, likitoci kuma suke kira kolestarol, wani maiƙo ne da Allah ya halicci jiki da bukatarsa, domin da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, daga gare shi kuma ake samun ruwan matsarmama mai narkar da abinci, da sinadaran da ke bambanta namiji da mace. Mafi yawansa hanta ce ke ƙera shi, abin da ke shigowa ta hanyar nama da ƙwai da man shanu shi ne kaɗan, wannan ne ma ya sa sau da yawa a auna siririn mutum a tarar nasa ya fi na mai ƙiba. Nau'in da ake kira LDL shi ne abin tsoro, don idan ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiyoyin jini ya riƙa taruwa shekara da shekaru, ba zafi ba raɗaɗi, har ranar da tarin zai fashe, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya. In a zuciya abin ya auku sai a ce bugun zuciya, in kuwa a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya gano tushen magungunan da ake sha yau don tare wannan maiƙo tun daga hanta wani masani ne ɗan ƙasar Japan, Akira Endo, ma'aikacin kamfanin Sankyo a Tokiyo, wanda ya yi tunanin cewa tun da funfuna ce ta ba duniya fenisilin, mai yiwuwa ne a cikin danginta a sami wadda ke hana ƙera kolestarol. Ya bi nau'o'in funfuna wajen 6,000 yana gwadawa, har a 1973 ya dace da abin da yake nema a jikin wata da aka samo a shinkafar wani shagon hatsi a birnin Kiyoto. Nasa maganin bai kai kasuwa ba, amma ta kan tafarkinsa kamfanin Merck ya bi ya fitar da lovastatin a 1987, sauran suka biyo baya: simvastatin, pravastatin, atorvastatin, rosuvastatin. Haka ake rubuta su a jikin kwali, mu kuwa za mu kira dangin gaba ɗaya da sitatin. Aikinsu shi ne su danne wani sinadari da hanta ke ƙera kolestarol da shi, ita kuwa hanta, ganin abin da ke hannunta ya ragu, sai ta koma tana zuƙo shi daga cikin jini.

Amfaninsu ya tabbata da hujja. A wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 1994, an ɗauki mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen arewacin Turai aka raba su gida biyu, aka ba wa rabi simvastatin, rabi kuma ƙwaya marar magani. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, mutum 256 suka rasu cikin waɗanda ba su sami maganin ba, 182 cikin waɗanda suka samu. A riƙe wannan lissafi a zuci, don kada abin da za a ji nan gaba ya sa wani ya jefar da maganinsa ba da shawarar likita ba.

Illolin da aka sani

Kukan da aka fi kawowa shi ne ciwon jiki: tsamin tsoka, nauyin cinyoyi, murɗawar ƙafa da dare. Amma fa nan akwai shubuha babba, domin masu shan sitatin galibinsu dattawa ne, ciwon jiki kuwa abokin zaman dattijo ne ko ya sha magani ko bai sha ba. Wasu likitoci a Landan sun warware wannan ƙulli da wata dabara mai kyau, suka bayyana ta a 2020. Suka tara mutum 60 waɗanda duk sun riga sun daina shan sitatin saboda sun ce yana wahalar da su, suka ba kowannensu kwalabe goma sha biyu, kowace kwalba ta wata ɗaya: huɗu da atorvastatin a ciki, huɗu da wata ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta, huɗu kuwa wayam. Ba wanda ya san ƙwayar gaske daga ta bogi, kuma kowace rana mutum zai rubuta a wayarsa yawan wahalar da ya ji, daga sifiri zuwa ɗari. Da shekara ta cika aka yi lissafi, sai ga matsakaicin wahala a watannin kwalba wayam 8, a watannin ƙwayar bogi 15.4, a watannin maganin gaske 16.3. Watau kashi tara cikin goma na ƙarin wahalar da suka ji a watannin maganin gaske, haɗiyar ƙwayar da fargabar da ke tare da ita ne suka kawo shi. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon sun ji shi a jikinsu. Da aka nuna wa kowa lissafinsa kuwa, rabinsu suka koma wa maganin.

Sai dai akwai wata illa wadda, ko da yake nadiran take aukuwa, don ba ta wuce mutum ƙalilan cikin dubu ɗari a shekara, ita ce mai kisa, kuma a kanta ne aka yi mafi girman shari'un da za mu ambata. Ita ce rugujewar tsoka. Naman jiki yakan fara narkewa, wani jan sinadari da ke cikinsa ya kwarara cikin jini, ya je ya cushe matatar ƙoda, har ƙodar ta tsaya. Alamarta ba ta ɓuya ga wanda aka koya wa: ciwo mai tsanani a cinyoyi da kafaɗu da ƙugu, hagu da dama duka, kasala irin wadda mutumin da ya saba miƙewa daga zaman tahiya ba dafa ƙasa zai ga ya kasa tashi, ko mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura kallabi, sa'an nan fitsari ya ragu, launinsa ya koma kamar baƙin shayi marar madara. A wajenmu abin da ke ƙara haɗarin shi ne, da an ga ciwon jiki da jan fitsari sai a yanke cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko shawara, a nufi kemis a karɓi allura, ko a jiƙa saiwa, alhali kuwa ana ci gaba da haɗiyar ƙwayar kowane dare. Wanda ya ga waɗannan alamu yana shan sitatin, to, ya dakatar da shi nan take, ya tafi asibiti a ranar da kwalin a hannunsa, ya ce wa likita ga abin da yake sha. Akwai awon jini da ake kira CK mai nuna ko tsoka na rugujewa, in kuma an yi hanzari, ƙarin ruwa kaɗai yakan ceci ƙoda kafin a kai ga wankinta.

Abubuwan da ke jawo wannan musiba sanannu ne: yawan awon maganin, tsufa, raunin ƙoda tun da farko, da kuma, fiye da kome, haɗa shi da wani magani da ke hana hanta fitar da shi daga jiki, har ya taru ya ninka. Daga cikinsu akwai clarithromycin da erythromycin da ake sha don ƙwayoyin cuta, da itraconazole da ketoconazole, da wasu magungunan ƙanjamau, da wani maganin maiƙon jini mai suna gemfibrozil wanda za mu sake haɗuwa da shi, har ma da ruwan lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake kira garehul. Saboda yawan awo ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a watan Yuni na 2011 kada a ƙara ɗora sabon majinyaci a kan simvastatin mai miligiram 80.

Sauran illolin a taƙaice suke. Awon hanta yakan ɗan hau ga wasu, amma lalacewarta abu ne mai wuyar gani. Sukarin jini yakan ƙaru kaɗan: wani lissafi da aka tattara daga gwaje-gwaje goma sha uku a 2010 ya nuna cewa in mutum 255 suka sha sitatin shekara huɗu, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai ciwon sukari, galibi cikin waɗanda dā ma suna bakin kamuwa. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, al'adar likitoci ita ce su dakatar musu da shi.

Yaushe illa take zama haƙƙi

Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan mas'ala a babin lamuni, kamar yadda mai karatun Muhtasar da sharhohinsa ya sani: likitan da ya san aikinsa, aka yi masa izini, ya kuma yi abin da masana ke yi, in majinyaci ya cutu babu lamuni a kansa, wanda ya shiga aikin da jahilci ko ya yi sakaci, shi ke ɗaukar nauyi. A babin ciniki kuma sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, suka kira ɓoye shi algus. Dokar Amurka a kan magunguna, ko da yake daga wata rijiya ta sha, kusan nan ta tsaya. Tana karɓar ƙara ta fuska uku: an gurɓata maganin wajen haɗawa, ko asalin tsarinsa ne mai haɗari fiye da kima, ko kuwa kamfani bai yi gargaɗin da ya kamata ba a kan abin da ya sani ko ya kamata ya sani. Ta ukun nan ita ce fagen yawancin shari'u, domin an yarda tun farko cewa babu magani mai ƙarfi da ba shi da illa, kuma a galibin jihohi in kamfani ya gargaɗi likita gargaɗi isasshe, ya sauke nauyin da ke kansa. Kawo hujja kuwa a kan mai ƙara yake, amma ba a neman yaƙini daga gare shi, rinjayen zato ya wadatar. A can kuma yawanci mutanen gari ne da ake zaɓowa, waɗanda ake kira juri, suke sauraron shaidu su yanke, alƙali yana tsare musu ƙa'ida.

Misali mafi sauƙin hukunci ya girmi sitatin. A 1960 kamfanin Richardson-Merrell ya fitar da wani maganin kolestarol mai suna MER/29, mutane wajen dubu ɗari huɗu suka sha, sai aka fara ganin zubewar gashi, da lalacewar fata, da yanar ido har ga waɗanda shekarunsu ba su kai na yana ba. Wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwajin kamfanin ta fallasa cewa an sa ta ta sauya alƙaluman gwajin birai, jami'an hukuma suka je suka duba littattafai, suka tarar an ɓoye musu abin da maganin ya yi wa idanun ɓeraye da karnuka. A watan Afrilu na 1962 aka janye shi. A shari'ar laifi kamfanin bai yi jayayya da tuhumar ba, aka ci shi tarar dala 80,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in an gwada da cinikin da ya yi. Ƙararrakin waɗanda suka cutu, wajen 1,500, su ne suka ji masa. A wata daga cikinsu kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta tabbatar a 1967 cewa, ban da diyyar ido, kamfanin zai biya wasu kuɗin daban na horo, abin da ya yi kama da ta'aziri, saboda ɓoyewar da gangan ce. Wannan kamfani, a sani, shi ne kuma ya nemi izinin sayar da thalidomide a Amurka, maganin da ya nakasa jarirai dubbai a Turai, wata jami'ar hukuma, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu.

Shari'ar Baycol

Mas'alar da ta fi wannan sarƙaƙiya, ta kuma fi cancantar nazari, ita ce ta cerivastatin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya sayar da sunan Baycol a Amurka da Lipobay a Turai. FDA ta amince da shi a 1997. Sitatin ne mai ƙarfin gaske, wanda awonsa bai kai miligiram ɗaya ba, amma a ƙananan awon da aka fara da su bai kai abokan hamayyarsa rage kolestarol ba, saboda haka kamfanin ya nemi izinin ƙara awo, aka ba shi na 0.4 a 1999, da na 0.8 a watan Yuli na 2000. Ana cikin haka rahotannin rugujewar tsoka suna ta shigowa, musamman daga tsofaffi, da waɗanda aka fara musu da babban awo kai tsaye, da waɗanda ke haɗa shi da gemfibrozil, wanda daga baya aka gano yana ninka yawan cerivastatin a jini sau biyar ko fiye. A watan Disamba na 1999 aka rubuta a takardar maganin cewa haramun ne a haɗa su, amma likitoci da dama suka ci gaba da rubuta su tare. Ran 8 ga Agusta, 2001, Bayer ya janye maganin, a lokacin FDA tana da rahoton mutuwar mutum 31 a Amurka, 12 daga cikinsu masu haɗawa da gemfibrozil ne. Jami'an hukumar da suka yi lissafi a 2002 sun tarar cewa rahoton mutuwa ta rugujewar tsoka a kan wannan magani ya ninka na sauran sitatin sau 16 zuwa 80.

Sai ƙararraki suka ɓarke, fiye da 14,000, lauyoyi suna talla a talabijin suna kiran duk wanda ya taɓa shan Baycol, domin a can, a irin wannan ƙara, lauya ba ya karɓar kome sai an ci nasara, sa'an nan ya ɗauki sulusi ko fiye. Waɗanda aka shigar a kotunan tarayya aka tattara su gaban alƙali ɗaya a jihar Minisota, shi kuwa ya ƙi yarda a mai da su ƙara guda, bisa hujjar cewa kowane majinyaci da awon da ya sha, da likitansa, da cututtukansa. Shari'ar farko da ta kai ga hukunci an yi ta a Corpus Christi ta jihar Teksas a farkon 2003. Mai ƙara dattijo ne ɗan shekara 82 wanda tsokarsa ta ruguje bayan ya sha babban awo, lauyoyinsa suka nemi dala miliyan 560, suka kuma baje takardun cikin gida na kamfanin a gaban juri don su nuna an san haɗarin da wuri. Lauyoyin Bayer ba su musa cewa maganin ne ya kwantar da shi ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne, kamfanin ya sanar da hukuma abin da ya sani, ya gyara takardar gargaɗi, ya aika wa likitoci wasiƙu, ya kuma janye maganin da kansa. A watan Maris juri suka wanke kamfanin, dattijon nan ya tashi ba ko anini.

To, a nan ne ɗalibi zai lura da abin mamaki: kamfanin da ya ci wannan shari'a shi ne kuma ya biya fiye da dala biliyan 1 a sulhu da mutum wajen 3,000, ba tare da ya amsa laifi ba. Siyasarsa ita ce ya sasanta da duk wanda takardun asibiti suka tabbatar tsokarsa ta ruguje, ya kuma ja da wanda ya zo da ciwon jiki kawai ko fargaba, dubbai daga irin waɗannan kuwa aka kore su ko suka janye. Sulhu irin wannan ba iƙirari ba ne, haka kuma wankewar juri ba ta rufe bakin masana ba. A 2004 wasu malaman likitanci, waɗanda suka bayyana cewa sun yi wa masu ƙara aiki, suka yi nazarin takardun da shari'ar ta fito da su a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, suka ce alamun haɗarin gemfibrozil sun isa kamfanin cikin kwana ɗari da fara sayarwa, amma hanin bai shiga takarda ba sai bayan fiye da wata goma sha takwas. Bayer ya yi raddi ya ce ya bi ƙa'ida. A ganina, ko da an bi ƙa'ida, wata goma sha takwas jinkiri ne mai tsawo ga maganin da ake da irinsa huɗu ko biyar a kasuwa masu aiki ɗaya da ƙarancin haɗari, kuma aibin tsarin a fili yake: wanda ke cin ribar magani shi aka bar wa tattara labarin illarsa.

Hujjar sababi

Shari'a ta uku ta faɗi ne a kan wani dutse dabam. Bayan da FDA ta ƙara maganar sukari a takardun sitatin a watan Fabrairu na 2012, mata fiye da 3,000 suka yi ƙarar kamfanin Pfizer cewa Lipitor, watau atorvastatin, ya sa musu ciwon sukari ba a gargaɗe su ba, aka tattara ƙararrakin a jihar Karolina ta Kudu. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, amma kotu sai ta ji abin da ya tsamar da shi. Sababi a wurinta hawa biyu ne: a tabbatar maganin yana iya jawo cutar, sa'an nan a tabbatar shi ne ya jawo wa wannan mai ƙara da ke tsaye. Ciwon sukari kuwa cuta ce gama-gari, wadda ƙiba da gado da shekaru ke kawowa, kuma irin mutanen da ake rubuta wa Lipitor su ne dā ma ta fi kamawa. Tun daga wani hukunci na Kotun Ƙoli a 1993, alƙalin tarayya ne ke tace shaidar ƙwararru kafin ta isa kunnen juri, kuma a nan ya tarar ƙwararrun masu ƙara ba su da tabbatacciyar hanyar da za su nuna cewa, ba don maganin ba, da wance ba ta kamu ba. Ya yi watsi da shaidar, ƙararrakin suka rushe a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Bambancinsu da masu Baycol shi ne, rugujewar tsoka cuta ce da ba ta cika zuwa haka kawai ba, tana da awon da ke nuna ta, kuma takan lafa in an daina maganin.

A gida

Kotunan Nijeriya sun gaji ƙa'idar sakaci daga dokar Ingila, wadda tushenta wata shari'a ce ta 1932 a kan dodon koɗi da aka ce an tarar a kwalbar lemo a Sikotland, inda aka hukunta cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da wanda zai yi amfani da su ko da ba a hannunsa ya saya ba. Akwai kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta ɗora alhakin ɓarnar kaya masu aibi a kan mai kawo su. In kuskuren na likita ne ko na mai harhaɗa magani, kamar a haɗa wa mutum magunguna biyu da aka hana haɗawa, kowannensu yana da majalisar da ke ladabtar da 'yan sana'arsa, ban da kotu. Amma neman irin wannan haƙƙi tafiya ce mai nisa, mutanen Kano shaida ne: gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, kamfanin kuma ya dage cewa cutar ce ta kashe su, bai kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jiha ba sai 2009, kuɗin farko kuma bai shiga hannun iyalai ba sai 2011, bayan an nemi su tabbatar da nasabarsu da yaran ta hanyar awon jini ko yawu.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, mai shan magani na dindindin ya kamata ya saba da ajiye kwalin da ya ƙare, domin a jikinsa ne sunan kamfani yake, da lambar NAFDAC, da lambar rukunin da aka haɗa shi. Ya ajiye takardar likita da rasit ɗin kemis da sakamakon kowane awo. Ya kuma rubuta ranar da ya fara, da ranar da aka ƙara masa awo, da ranar da ciwo ya soma. Wanda ya sayi ƙwaya tsirara a ƙulle cikin leda, ba takardar likita, to, in ta cuce shi ba shi da wanda zai kama, don bai ma san ko ta gaske ce ko jabu ba. Hukumar NAFDAC tana da wata takarda mai ruwan ɗorawa ta kai rahoton illar magani, wadda likita ko ma'aikacin jinya ko mai harhaɗa magani zai cike, kuma majinyaci na da damar ya nemi a cike masa. Da irin waɗannan rahotanni ne aka kama Baycol. Sa'an nan kowace jiha tana da wa'adin da doka ta yanka na shigar da ƙara, wanda in ya wuce haƙƙi ya faɗi kome ƙarfin hujja, saboda haka wanda ya yi niyya ya ga lauya tun takardunsa na hannu.

Tambayoyi da aiki

1. Wani maƙwabcinka mai shan simvastatin ya je kemis da tari, aka ba shi clarithromycin, bayan kwana biyar ya kasa tashi daga tabarma. Me za ka tambaye shi, me kuma za ka yi?

2. Lauyoyin Bayer sun yarda maganinsu ne ya kwantar da dattijon Corpus Christi, duk da haka juri suka wanke kamfanin. A kan wace hujja? Kai da kana cikinsu, yaya za ka yanke?

3. Ku zo aji mai zuwa da kwalin kowane irin magani daga gida. Za mu nemo sunan maganin na asali, da awonsa, da lambar rukuni, da ranar lalacewa, mu kuma karanta sashen gargaɗi na 'yar takardar da ke ciki.